Sharar Tsohuwar Shekara a Lambun Insom

Shekara ashirin da shida Insom ya yi yana haƙa wa mutane rijiya kafin ya mallaki abin shayarwa nasa na kansa. A ƙauyukan da ke gindin duwatsun kudancin Lamphun, da wuya ka sha ruwa a gida uku a jere ba ka sha daga ramin da ya haƙa ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, irin jikin da rami ke so. Yakan sauka da sassafe da 'yar diga mai gajeriyar ƙota da kwandon gora, ya yini a ƙasa, sama ta zame masa faifai ɗaya na haske can bisa kansa, ya fito da yamma da jar laka har cikin kunnuwa.

Babban abin da sana'ar ta koya masa ba a ƙasan rami yake ba, a bakinsa yake. A tsakar gidan da ake sharewa safe da yamma, kamun farko na ƙasa kamar bayan tukunya yake, diga na sauka tana tsalle, tafin hannu na zafi. Amma in aka kira shi bakin daji, inda ganyen itacen tik ke zuba ba mai kula shi, sai ya ture ganyen da ƙafa ya tarar da ƙasa baƙa mai sanyi, tana ƙamshin ruwan da aka yi wata huɗu da suka wuce. Ya ga haka ya fi a ƙirga. Bai faɗa wa kowa ba, don ba wanda ke tambayar mai haƙar rijiya abin da ya gani a sama.

Daga baya motocin haƙa suka shigo, masu huda ƙasa a yini ɗaya, aka daina aiko masa. A shekarun nan ne mahaifinsu ya rasu. Yayarsa Buaphat ta riƙe gidan gado da gonar shinkafa ta bakin magudanar ruwa, don ita ce babbar mace a zuriyar. Ita ke kula da ɗan ɗakin kakanni da ke bayan gida, ita ke kai musu kaza da shinkafa in wani a dangi ya kwanta ciwo ko zai yi aure. Insom ya sami tudun da ke bayan gari: jar ƙasa mai tsakuwa, itatuwan lamyai goma sha huɗu da uban ya dasa, da rijiya ɗaya da shi Insom ya haƙa yana saurayi. Can ya kafa gida, shi da matarsa Chanpeng. 'Ya'yansu biyu suna aiki a birni.

Lamyai itace ne mai son ruwa a lokacin da ruwa ya fi wuya. Yana fure da sanyi, ya ɗaura 'ya'ya a farkon bazara, kuma a wata na huɗu, sa'ad da ƙasa ke tsagewa, 'ya'yan ba su fi ƙwayar wake ba. In ƙishi ya kama uwar a lokacin, sai ta zubar da su cikin kwana biyu ta tsira da ranta. Masu lambun kwari suna da magudana da injin ban ruwa. Insom yana da rijiyar da a wannan wata ba ta ba shi fiye da guga talatin a yini. Shekara biyu a jere ya tsinci amfaninsa a ƙasa, ɗanye, bai isa ko tsuntsu ya duba ba.

A shekara ta uku ya ajiye tsintsiya.

Ya tsaga gora ya kewaye kowane itace da ɗan shinge iya gwiwa, daidai inda inuwar rassan ta ƙare. Cikin shingen ya riƙa zuba duk ganyen da ya faɗo a lambun, da wanda iska ta kawo daga daji. Ƙananan ganyen tsamiya yakan sa a ƙasa, don sun fi saurin ruɓewa, ya barbaɗa busasshen kashin shanu. Manyan ganyen tik masu faɗin tire yakan bari sai tsakar rana, sun bushe ƙayau, ya tattake su da takalmin roba su ruguje, ya zuba a sama ya danne da rassa. Jikin itacen kuwa yakan bar masa fili taƙi guda, kada gara ta sami tsani. Kewayen lambun duka ya share hanya mai faɗin taku uku saboda wutar daji, kuma wannan ce kaɗai sharar da ya yarda da ita a lambun. Guga biyu da ya zuba a ƙarƙashin ganyen kan kwana huɗu ba su bushe ba. Da shekara ta zagayo, ganyen ƙasa ya koma baƙin gari, tsutsar tana ta shige shi, itatuwan kuma suka yi abin da bai zata ba. Suka turo ƙananan saiwoyi farare, sirara kamar zaren ɗinki, suka hau sama suka bazu cikin ruɓaɓɓen ganyen suna sha daga nan. A wata na takwas ya cika kwanduna har ya ari na maƙwabta.

Sai dai a garin nan mutuncin gida a tsakar gidansa ake karanta shi. Mace kan tashi tun kafin malaman haikali su fito karɓar shinkafar safe, ta share ƙasa har sawun tsintsiya ya kwanta kamar an taje gashi. Da yamma a tara ganyen a kusurwa a cinna masa wuta, hayaƙi ya kori sauro. Gidan da ganye ya kwana a ƙasa, ko dai mai shi ba lafiya, ko mashayi ne.

Abokinsa Duangta, mai sayar da ƙanƙara a babur mai akwati a gefe, ba ya wucewa bai taka birki ba.

"Som, tsintsiya ce ta yi tsada, ko bayan ne ya ƙi lanƙwasa?"

"Bayan da ya haƙa maka rijiyar da kake wanka? In kana wankan ke nan."

"Ni dai in ka fara kiwon macizai, ka ajiye mini mace da namiji."

"Na ajiye. Macen ma da surukarka take kama."

Buaphat ba ta wasa da maganar. Ta girme shi da shekara tara, ita ta goye shi, kuma har yau da furfurarsa "yaron nan" take ce masa in ba ya wurin. In ta zo gidan, a gindin matakala take tsayawa, ta tattare zanenta, ta dubi tulin ganyen kamar mai duban gyambo.

"A tsakiyar juji kake kwana, Som. Mutane ni suke kallo, ba kai ba."

"To ki ce su zo su ci lamyai, Yaya."

Shekara ta biyar da ajiye tsintsiyar ta zo da abubuwa uku. Maciji ya sari karensu a gindin shinge, ya mutu. Chanpeng ta zame a bakin rijiya, ta yi wata guda tana ɗingishi. Sannan ƙabar da Insom ya daɗe yana ɓoyewa, gadon shekarun ɗaga kwandon laka, ta sauko ta ƙi komawa. Asibiti suka ba shi ranar aiki ana saura kwana biyu bikin sabuwar shekara, a tsakiyar wata na huɗu. Buaphat ta ƙirga ukun nan a yatsu, ta kai kaza ɗakin kakanni, ta zauna ta yi tunani, ta gano inda abin yake. Shekara biyar ba a fitar da sharar tsohuwar shekara daga gidan ƙanenta ba.

Ranar farko ta bikin ita ce ranar da tsohuwar shekara ke tattara kayanta ta bi ruwa ta tafi. Kowa kan tashi da asuba, a harba bindigar gora a raka ta, a wanke tufafi da gashi, a share gida da lambu tas, don duk abin da aka bari a ƙasa, ciwo ne ko asara, zai kwana ya shiga sabuwar. Insom kan share ɗakinsa da gaban matakala, ya tsaya nan. A bana kuwa yana kwance a gadon asibiti da ɗinki a mara, Chanpeng na kan tabarma a gefensa. Ya shayar da itatuwan sosai kafin ya tafi, ya roƙi Duangta ya riƙa leƙawa. Amma kwanakin bikin su ne kasuwar mai ƙanƙara ta duk shekara.

Buaphat ta zo da mata huɗu, abokan zuwanta haikali, kowacce da manjagara da kwando. Shekararta saba'in da ɗaya, amma ita ta fara tuge shingen farko. Suka kwashe har suka ga jar ƙasa, suka bi da tsintsiya, suka jide komai zuwa busasshen rafin da ke bayan tudun, suka sa wuta. Ganyen sama ya kama nan take. Na ƙasa mai danshi ya ƙi ci da harshe, sai hayaƙi fari mai kauri da ya miƙe sama ya yini a tsaye, ana hangensa daga babban titi, a lokacin da hukuma ta hana ƙona komai. Kafin azahar dagaci ya hau lasifikar gari. Bai kama suna ba, ya dai ce duk wanda ya ƙara ƙyasta ko ashana ce a waje, shi da kansa zai raka shi ofis. Saboda haka sauran mutanen gari, da su ma suka tara tasu sharar suna jiran yamma, suka cusa ta a tsofaffin buhunan taki suka jingine a ƙofar gida, suna jiran motar shara da ba za ta zo ba sai an gama biki.

Kashegari ita ce ranar da ke tsakanin shekara biyu, ba ta tsohuwa ba, ba ta sabuwa ba. A ranar ba a zagi, ba a faɗa, ba a ɗaga murya. Wanda ya yi, bakinsa zai ruɓe, shekarar ta lalace masa tun daga tushe. A ranar aka sallami Insom, da gargaɗin kada ya ɗaga abin da ya fi buta nauyi har mako shida.

Duangta ne ya ɗauko su daga bakin titi. Tun da suka hau bai yi tsokana ko ɗaya ba, abin da ya sa Insom ya fara jin wani iri. Suka ratsa gari ana ta watsa wa juna ruwa, kwata na gudu da shi kamar damina ta sauka, buhuna jingine a kowace ƙofa. Da suka hau tudun, Insom ya ɗauka sun ɓata hanya. Lambun fes yake, ja, a buɗe, sawun tsintsiya kwance daga wannan itace zuwa wancan. Kyakkyawan aiki ne, ba mai musu.

Buaphat na zaune a matakala da kwandon alkakin shinkafa naɗe a ganyen ayaba, fuskarta cike da annuri.

"Sannu da dawowa, Som. Ka ga gidanka? Yau ko'ina ka ga dama ka shimfiɗa tabarma."

Insom ya wuce ta. Ya taka a hankali zuwa itacen da ya fi kusa, ya dafe mara, ya durƙusa, ya ɗora tafin hannu a ƙasa. Zafi kamar murfin tukunya. Saiwoyin nan farare suna kwance a fili, sun koma ruwan ƙasa, sun nannaɗe kamar gashin da wuta ta lasa. Itacen da ba a taɓa rufe masa gindi ba yakan ɓoye saiwarsa can ƙasa, ya saba da wuya. Nasa kuwa shi ya koya musu sha daga sama, yanzu ga bakinsu a rana. Ya ɗaga kai. A itatuwan yamma ganye ya fara naɗewa, kuma a kan sawun tsintsiyar akwai 'yan ƙwayoyi kore da suka faɗo tun safe. Ruwan sama ba zai zo ba sai nan da mako uku, in an yi sa'a.

Akwai kalmomin da ya koya a cikin rami, irin waɗanda ake faɗa wa dutse in diga ta karye. Duk suka taso masa har maƙogwaro. Chanpeng ta matse masa gwiwar hannu.

"Yau wace rana ce?" ta ce ƙasa-ƙasa.

"Na sani."

Ya miƙe, ya haɗiye, ya haɗa tafin hannu a ƙirji.

"Yaya, sannu da aiki. Lallai kin sha wahala."

"Wahala ai ba a magana. Bayana har yanzu bai miƙe ba."

"Ladan ya bi ki duk inda za ki. Ganyen fa, ina kika adana mini shi?"

"Na raka shi rafi, na sallame shi. Ya tafi da duk abin da ya ɗauko."

"Duka?"

"Ko tsinke ban bari ba. Kai dai ci wannan ka je ka kwanta."

Ya tsaya yana duban rafin da har yanzu ɗan hayaƙi ke fita. Daji ya riga ya ci wuta tun watan jiya, ba ganye a can. Bambaron shinkafa masu shanu sun saye. Sai idonsa ya koma kan hanyar da suka biyo.

"Duangta, akwatin nan naka buhu nawa yake ɗauka?"

"In ƙanƙara ce, shida. Me ya faru?"

"Buhunan da muka wuce a ƙofar gidaje."

Duangta ya fara dariya, ya ga ba wasa ba ne, ya tsaya.

"Som, allurar barcin ce ba ta sake ka ba? Sharar jiya ce fa. Tarin tsoho Lung Pan na ciki, da karayar arzikin mai kanti, da duk faɗan da Saengkham ta yi da mijinta tun bara."

"Ganyen mangwaro ne da na tsamiya."

Buaphat ta sauko daga matakala. Murmushin na nan a fuskarta, amma ya daskare.

"Ƙanena na kirki, mai hankali tun yana goye," ta ce, murya kamar zuma. "Na fitar maka da taka masifar da bayana, sai ka je ka kwaso ta gari duka?"

"Yayata mai tausayi, wadda ba ta ɓata lokaci wajen tambaya kafin ta taimaka. In ban rufe ƙasar nan yau da gobe ba, a wata na takwas iska za mu ci."

"Gara ka ci iska da ranka, ɗan albarka."

"Zan gwada cin lamyai da raina, uwar ɗakina."

"Kakanni suna ji."

"Su ji mana. Sun san wanda ya dasa itatuwan."

Ta ajiye kwandon alkakin a hankali ƙwarai, yadda ba wanda zai ce da fushi ta ajiye, ta yi musu fatan lafiya ɗaya bayan ɗaya har da Duangta, ta sauka tudun bayanta a miƙe.

Suka shiga gari gida-gida. Insom na zaune a bayan babur da hular kaba, shi ke roƙo, Chanpeng da Duangta ke ɗauka. Wasu murna suka yi, amma da ƙafa suke turo buhun, ba da hannu ba. Mai kanti, da ke kiransa Lung, wato kawu, ya ce, "Lung Som, in ka tafi da shi ba dawowa fa," ya ƙara musu da kwali biyu. Wasu suka leƙo ta taga suka yi kamar ba sa nan. Wata tsohuwa, Ui Kaeo, ta fito da sanda ta zauna a kan buhunta.

"Mijina a shekarar nan ya mutu, ɗana. Abin da ke cikin nan ba zan ba ka ba, ko za ka yi kuka."

Insom ya sunkuyar da kai ya gode mata, suka wuce.

A lambu Chanpeng ta zazzage buhunan tana tsince leda da murfin kwalba da guntun sigari. Ta ɗaura farin zare a wuyan hannu don kariya, kuma bayan kowane buhu sai ta tsoma yatsu a ruwan ƙamshin da ake wanke kai da shi a bikin.

"Ni ma tsoro nake ji, ka sani," ta ce, ba ta dube shi ba.

"Na sani."

"In wani abu ya same ka, Yaya cewa za ta yi ni na ɗauko."

"Ai ke kika ɗauko. Ni likita ya hana ni."

Ta ɗaga manjagara, ta tuna ranar, ta sauke.

Kafin rana ta faɗi sun kawo buhu arba'in da 'yan kai. Ko da an shimfiɗa shi sirara, itace tara kawai zai rufe. Insom ya zaɓi na gabas, na kusa da rijiya, waɗanda suka fi ɗaukar 'ya'ya. Aka janyo abin da rijiyar ta tara, a jiƙa ƙasa tukuna, sannan a rufe. Sau ɗaya ya manta ya kama guga, wani abu ya soke shi a mara kamar ƙaya, ya zauna a ƙasa yana numfashi da baki. Biyar na yamma suka kwana tsirara.

Rana ta uku ita ce sabuwar shekara. Da safe aka je haikali, da yamma kuma kowa ya nufi gidan manyansa da kwanon ruwan ƙamshi, neman gafara. Babbar Insom a duniya ita ce Buaphat, ba yadda zai yi. Ya sa rigarsa mai kyau, suka je, ya durƙusa da ƙyar a gabanta, ya miƙa kwanon, ya roƙi ta yafe masa duk abin da ya yi mata da jiki ko da baki ko da zuciya. Ta tsoma hannu ta shafa a kanta, ta sa masa albarka doguwa, ta tsawon rai da ƙarfin ƙafa da sanyin gida, ba ta rage ko kalma ba. Da ta gama ta goge hannu a zane.

"To. Yau ba jiya ba ce. Kai wane irin jaki ne?"

"Irin wanda aka shiga gonarsa yana kwance."

"Gona? Juji! Karenka ya mutu, matarka ta gurgunce, an farke ka kamar kifi, duk ba ka gani ba?"

"Karen maciji ya bi. Matata santsi ta taka. Ni kuwa laka na ɗauka shekara ashirin da shida, har da ta rijiyar da ke bayanki. Wanne ne ganye ya yi?"

"Kana jin sa, Chanpeng? Da bakin da na ɗura wa kunu yake gaya mini haka!"

Insom ya sa hannu a aljihu ya fito da abin da ya tsinto a gindin itatuwan yamma, ya zuba a kan tiren da ke gabanta. Ƙwayoyi kore cike da tafi, wasu sun fara yanƙwanewa. Buaphat ta dube su. Ta ɗauki ɗaya ta murza, ta fashe, ba komai a ciki sai ɗan ruwa.

"Na wajen kwari ne?" ta ce.

"Biyar ɗin nan na yamma. Har da babban, wanda kika riƙe wa Baba yana turo ƙasa."

Ba ta ce ta yi kuskure ba. Ta ce su tashi su tafi, akwai masu jira a waje.

Washegari da hantsi wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ta hau tudun tana nishi, bayanta cike da ganye har sama, matan nan huɗu zaune a kai suna riƙe da huluna. A bayan haikali akwai tulin ganyen babbar cediyar da ake ɗaura wa ƙyalle don girmamawa, wanda malamai ke sharewa kullum su tara, ba a ƙona shi. Buaphat ta je ta roƙi babban malami, ya ce ta kwashe.

Insom ya fito yana dafe da mara.

"Yaya, yamma za a fara kaiwa. Can ne ƙasa ke buɗe."

"Ba itace na zo ceta ba, kai na zo ceta. Wannan murfi ne. A kan ƙazantar da ka kwaso za a sa shi, ya danne ta."

"Waɗancan taran sun riga sun sami riga!"

"Rigar mai tari da mai karayar arziki. Matsa mini."

Ya roƙa, ya yi fushi, ya sake roƙo. Ta bi taran nan ɗaya bayan ɗaya tana shimfiɗa ganyen cediya a kai, tana motsa baki, ba ta bar ko tafin hannu na tsohuwar sharar a buɗe ba. Abu ɗaya ta karɓa daga gare shi, ta bar wa jikin kowane itace fili taƙi guda. Sai da rana ta karkata aka kai ragowar yamma, kuma a itace na huɗu ganyen ya ƙare. Chanpeng ta rufe gindin babban da tsofaffin tabarmi da kwalayen mai kanti.

Daga nan sai jira. Kullum da safe Chanpeng na jan guga, Insom na bin ta da sanda yana ɗaga ganye, yana cusa yatsa a ƙasa, yana cewa nan a zuba, nan a bari sai gobe. Sama ta yi fari fat, duwatsu suka ɓace cikin hayaƙin rani. Biyar na yamma suka zubar da 'ya'yansu duka cikin mako ɗaya. Taran gabas suka zubar da wasu, suka tsaya, suka riƙe sauran. A ƙarƙashin ganyen mangwaron mutanen gari, bayan kwana goma sha biyu, ya ga farin zaren saiwa na farko ya leƙo.

Ruwa ya sauka a kwana na ashirin da shida, da la'asar, da iska mai ƙarfi. Huɗu daga na yamma suka yi sabon toho, jajaye masu laushi, ko da yake ba su ba da komai ba a shekarar. Babban bai farfaɗo ba. Ganyensa ya bushe a jikinsa, ɓawon ya fara ɗagowa. A wata na takwas taran suka ba da kamar rabin abin da suka saba, manya-manya, don sun yi kaɗan a reshe. Ba wanda ya yi tari a gidan.

Da ɗinkin ya warke, Insom ya ɗauki gatari da zarto ya kayar da babban itacen. Icen lamyai na da nauyi, yana ci a hankali, garwashinsa na daɗewa. Ya faskara shi, ya loda a akwatin Duangta, sawu uku, ya jera a ƙarƙashin gidan Buaphat inda ruwa ba ya taɓawa. Ta sauko ta zagaya jerin, ta zaro guda ɗaya ta auna da hannunta.

"Ya yi wa murhuna tsawo," ta ce. "Gobe ka zo da zarton."